Ranar da Tanar Baba Suka Fito

Wata baiwar Allah ta rubuto min a ƙarƙashin abin da na saka makon jiya, ta ce yarinyar da Allah ya kawo wa likita har ƙofar gida, kukan me kuma take yi wa mutane? Ban ji haushinta ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yau dai zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa, har ku ma ban taɓa gaya muku ba. Wanda yake cin abinci ya ɗan ajiye cokali, domin maganar tana ce. E, tana dai da kuka sani, wadda take fitowa daga ƙasa idan an yi ruwa. Ina kiwonsu a kicin ɗinmu, a ƙarƙashin sinki. Ko in ce na yi kiwonsu, har zuwa Asabar ɗin da ta wuce.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa yake ce min har a wurin aiki. Shekarata ashirin da bakwai, kuma idan Umma za ta faɗi wannan adadi sai ta rage murya kamar mai faɗin sunan wata cuta. Ina aiki a shagon buga takardu, ni ce a kan injin yanka. Mu uku muke zaune, ni da Umma da Baba, a hawa na huɗu na wani dogon bene da ba shi da lif. Ɗaki biyu ne da falo, da kicin ɗin da idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Babu baranda, babu tsakar gida, wanki ma a igiyar banɗaki muke shanya shi. Da can muna da gida mai fili, kuma Baba mutumin lambu ne, irin wanda ko tsinke ya soka a ƙasa sai ya yi ganye. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Gidan ya tafi a jinya, muka dawo nan, maza huɗu suka hau da shi a kan kujera, kuma tun daga ranar bai sake sauka ba.

Shekarar farko Baba bai yi magana ba. Likita ya ce harshensa ya warware, shi ne dai ba ya so. Yini yake yi yana kallon taga, tagar kuma bangon benen maƙwabta take kallo. Abinci sai Umma ta yi ta lallashi, ya ci cokali uku ya kau da kai. Na kawo masa rediyo, na kawo masa littafi, ko kallonsu bai yi ba.

Wata rana a lokacin hutun rana na ci karo da wani bidiyo a waya, wata mata tana nuna yadda take haɗa taki a cikin ɗaki da ɓawon kayan miya da tana. Na kalla sau uku. Na je wurin mai sayar da furanni na bakin titi, ya ce irin da ake nema ƙanana ne jajaye, ba manyan nan na gona ba, ya cika min wani gwangwani. Na sayi robobi uku masu shiga juna, na huda gindin biyu da ƙusa mai zafi, na huda murfin don iska, ta ƙasan kuma na bar ta don tarar ruwan da yake ɗigowa. Shimfiɗarsu guntayen takardar da injina yake zubarwa ne, a jiƙa su a matse har su zama kamar tsumman da aka wanke aka murɗe. Abincinsu ɓawon ayaba, guntun kabeji, ganyen shayin da aka gama da shi, da ɓawon ƙwai da aka daka. Ba a ba su albasa, ba a ba su lemo, ba mai, ba gishiri, ba nama. Idan aka kiyaye wannan, na rantse muku babu wari ko kaɗan, ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi ne kawai.

Ranar da na kai robar gaban Baba na buɗe, ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗaga takardar, ya murza ta a yatsu.

Ya ce, "Ta bushe. Ƙara musu ruwa."

Maganar farko ke nan da na ji daga bakinsa cikin wata goma sha huɗu. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada su ji kukana.

Daga nan rayuwar gidan ta juya. Kullum na dawo aiki da ledar takarda, Baba zai zauna ya yi ta yayyaga ta da hannu ɗaya yana danne gefen da gwiwa. Shi yake duba ɓawon da za a ba su, ya ware na albasa gefe yana yi wa Umma faɗa. Bayan wata uku muka kwashi takin farko, baƙi wuluk, lallausa kamar garin shayi. Muka jera gwangwanayen madara a bakin tagar ɗakinsa, inda rana take leƙowa na awa uku, ya shuka tumatir da na'a-na'a da barkono. Umma ba ta taɓa son abin ba. Tsutsa take ce musu, Baba kuma kullum ya gyara mata, ya ce tana ce ba tsutsa ba, tsutsa ɓarna take yi, tana gyara take yi. Amma ganin mijinta ya koma cin abinci, sai ta haɗiye, ta dai kafa min sharaɗi ɗaya, kada bare ya sani.

Sai ga Dakta. Likitan haƙori ne, ya zo shagonmu buga katin asibitinsa, bayan kwana biyu ya dawo wai akwai kuskure a katin, muka duba harafi-harafi babu komai, ya yi dariya ya ce to kuskuren shi ne bai karɓi lambata ba. Mutum ne mai kirki, ba zan ɓata shi ba don yau ina cikin wannan hali. Amma tsabtarsa har tsoro take ba ni. Wayarsa ma sai ya goge ta kafin ya kara a kunne, kuma idan ya riƙe ƙofar shago sai ya fito da 'yar kwalbar maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shafa a hannu. Wata bakwai yana zuwa gidanmu yana gaida Baba a falo, bai taɓa leƙa kicin ba. Ranar da ya fara zuwa, bayan ya tafi, Umma ta kama hannuna ta ce idan na kuskura ya ji maganar tsutsar nan, ba ita ba ni. Sau ɗaya ya ga baƙi a ƙarƙashin farcena, ya tambaya, na ce tawadar inji ce. Ya yarda, har ya kawo min ɗan burushin wanke farce washegari. Na karɓa na yi godiya, ina jin kaina kamar ɓarauniya.

Ranar Alhamis da rana saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, Hajiyata ta ce za ta zo ta ga surukarta da idonta ranar Asabar bayan azahar, ita da ƙanwarta. Kada ki tayar da hankali, ba ta cizo. Haƙoranta ma ni na saka mata."

Na yi dariya ni kaɗai a gaban inji, ban san ita ce dariyar ƙarshe ba.

Kafin in iso gida Umma ta riga ta kira Yaya. Yaya ita ce babbarmu, tana gidan mijinta a ɗaya gefen gari, kuma idan ta shigo gidanmu kowa sai ya kama kansa. Ranar Juma'a da safe ta iso da buhun kayan wanke-wanke da sababbin labule ruwan toka. Ta sa aka janye kujeru, aka wanke tayil sau biyu, aka goge fankar silin. Da ta zo kicin ta buɗe ƙasan sinki, sai ta miƙe ta ce waɗannan robobin yau za su bar gidan nan. Na ce babu inda za a kai su. A kan matakala maƙwabta za su yi ƙara, a saman rufi rana za ta dafa su kafin la'asar. Ta ce to a zubar, ai ba ɗiyan mutum ba ne. Muna cikin haka muka ji muryar Baba daga ɗaki, a hankali, kowace kalma da ƙyar.

"Kada a taɓa min su."

Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa a saka su a kabad ɗin kayana, a ɗakina, a rufe har baƙi su tafi, tunda mace baƙuwa tana iya leƙa kicin amma ba za ta buɗe kabad ɗin mutum ba.

Yanzu ga laifina, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Da yammar Juma'a muka yanka kankana da abarba na baƙi, ɓawo ya taru tuli. Na san abarba tana da tsami, na san kankana ruwa ce zalla, na san ba a ba su abinci mai yawa lokaci ɗaya. Amma Yaya tana tsaye a kaina tana cewa in yi sauri, ni kuma ina tunanin kwana biyu ba zan buɗe su ba, sai na juye duka a ciki ban ko ƙara busasshiyar takarda ba. Ranar Asabar da safe da na buɗe kabad zan ɗauki kaya, na tarar Yaya ta liƙe ramukan murfin da salatif, ta naɗe robobin da baƙar leda, ta ajiye kaskon turare a gefe. Na tsaya ina kallo. Na san ba za su sami iska ba. Hannuna har ya kai kan salatif ɗin, sai na ce a raina, awa shida ne kawai, za su jure. Na rufe kabad. Ku riƙe wannan, duk wanda zai zagi Yaya a ƙasan rubutun nan ya fara da ni.

Na saka doguwar riga ruwan zuma mai ɗinkin zare a wuya da bakin hannu, da mayafi mai ɗan duhu, da 'yan kunnen da Yaya ta ara min. Umma ta fito da leshinta da ke ƙasan akwati tun bikin Yaya, har yana ƙamshin ajiya. Baba na yi masa aski da kaina, na saka masa farar riga da na goge sau biyu, na zaunar da shi a kujerar kusa da ƙofar ɗakinsa, na ɗora hannunsa na hagu a kan filo yadda ba zai zame ba.

Hajiya 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barin komai. Ta iso tana haki saboda benen, ta ce wa Umma lalle masu hawa nan kullum ba sa buƙatar likita. Ƙanwarta ce mai surutun, doguwa mai awarwaro har gwiwar hannu. Aka gaisa, aka sha lemo, aka yi hirar zafi da tsadar kaya. Da aka kawo shayi Yaya ta miƙa wa Baba kofi, ya kau da kai, sai da na zo na durƙusa na riƙe masa ya sha, na goge masa gefen baki da hankici kamar yadda nake yi kullum. Ban ma san na yi ba, sai da na ɗago na ga Hajiya tana kallona ta saman tabarau.

Ta ƙofar ɗakin Baba ta hango gwangwanayen taga, tumatir uku sun yi ja. Ta ce ikon Allah, a hawa na huɗu, ina kuke samun ƙasa mai kyau haka? Na ga fuskar Baba ta buɗe, ya ɗaga hannu zai fara bayani. Umma ta riga shi, ta ce saye muke yi. Baba ya mayar da hannunsa kan cinya.

Da aka kira la'asar, Hajiya ta ce a ba ta wuri ta yi salla. Ɗakin Baba akwai kayan jinya, falo akwai mutane. Ni da Yaya muka haɗa ido. Babu yadda za a yi. Na shiga da su ɗakina, na shimfiɗa darduma tsakanin gado da kabad, na leƙa ƙasa ban ga komai ba, na fito ina addu'a a zuci.

Ba a yi minti biyar ba muka ji ƙarar awarwaro da wata 'yar ƙara, sannan muryar ƙanwar Hajiya tana kiran a zo, a zo.

Abin da na tarar ba zai bar idona ba har in mutu. Sun fito ta gefen murfi, sun bi ta cikin ledar, sun zubo ta ƙarƙashin ƙofar kabad. Ba goma ba, ba ashirin ba. Tayil ɗin da aka wanke sau biyu ya yi ja da su, wasu suna hawa jikin ƙofa, wasu sun kai bakin darduma. Wani wari mai tsami ya cika ɗakin ya haɗu da turare. Ƙanwar Hajiya tana tsaye a kan gadona ta tattare zani. Ita kuwa Hajiya tana zaune a tahiya, ba ta motsa ba, ɗaya tana tafiya dab da gwiwarta, sai da ta idar ta yi sallama dama da hagu.

Ni ban yi tunanin kunya ba a lokacin, wallahi. Abin da na gani shi ne suna mutuwa, domin idan suka daɗe a busasshen wuri bushewa suke yi. Na durƙusa da rigata ruwan zuma na fara tsince su da hannu ina zubawa a mayafina. Umma tana bakin ƙofa ta dafe bango. Yaya ta fara cewa wai daga bututun maƙwabta ne, Hajiya ta ɗaga mata hannu ta katse ta.

Ta ce da ni, "Na wane ne?"

Na ce, "Na Baba ne. Nawa ne. Taki muke yi da su."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Ɗana ya sani?"

Na ce a'a. Ta gyaɗa kai, ta naɗe dardumar da kanta ta ajiye a kan gado. Ta fita ta yi wa Baba sallama, ta daɗe a tsaye a gabansa tana yi masa addu'ar samun sauƙi, ta gode wa Umma, suka sauka. Ko kankanar ba su taɓa ba.

Na zaci Umma za ta yi faɗa. Da ma faɗan ta yi. Zama ta yi a kan kujera da leshinta tana hawaye ba sauti. Yaya ce ta shiga ɗaki ta rungumo robobin duka uku, ta nufi ƙofa. Na sha gabanta na riƙe gefen roba, na ce ta bari in gyara, abinci ne ya yi yawa, iska suka rasa, idan na zuba busasshiyar takarda na buɗe murfi zuwa gobe za su lafa. Muna ja-in-ja sai Umma ta yi magana, ba tare da ta kalle ni ba.

"Auta, shekara uku ina juya mutum a kan gado, ban taɓa roƙon kowa komai ba. Abu ɗaya na roƙi Allah, in ga kin fita daga gidan nan kafin ki zama ni. Saki robar nan."

Na saki. Yaya ta ƙwace har mayafin da na tara su a ciki, ta sauka da su zuwa tankin shara na bakin ƙofar bene. Baba yana zaune a kujerarsa, a gaban idonsa aka wuce da su. Ya nuna min ɗaki da hannu, na kai shi na kwantar, ya juya fuska bango.

Na tura wa Dakta saƙo kafin magariba: "Don Allah ka bari in yi maka bayani." Ya karanta, bai amsa ba. Ranar Lahadi da safe na sake turawa: "Na yi maka ƙarya a kan tawada. Ka yafe min." Da rana na rubuta masa dogon bayani tun daga bidiyon har maganar Baba ta farko, na goge, na sake rubutawa, na tura. Alamar ya karanta ta fito nan take. Shiru. Mutumin da kullum yake tashina da saƙon tambayar ko na goge haƙori.

Baba kuwa ranar Lahadi ko ruwan shayi bai karɓa ba, daga hannuna ma. Na ce masa zan koma wurin mai furanni in samo wasu, za mu sake farawa. Bai juyo ba. Ni ma na san ba haka ba ne, Umma ba za ta sake bari su shigo ba, kuma waɗancan shi ya raine su tun suna cikin gwangwani ɗaya har suka cika roba uku. Na leƙa ƙasa ta tagar matakala, ina hango baƙar ledar a saman tankin, rana tana dukanta. Sau biyu na saka takalmi, sau biyu na ga Umma tana kallona na cire.

Ranar Litinin na tafi aiki kamar wadda aka ɗaure wa dutse a ƙafa. Na yanka katin wani biki a karkace, ɗari biyu suka lalace, maigidan shago ya dube ni ya ce in tafi gida in huta, fuskata ba ta mai aiki da wuƙa ba ce yau. Sai da na hau mota na lura na cika leda da guntayen takarda na riƙo, hannuna ya yi abin da ya saba.

Ƙarfe biyu da rabi na iso. Ranar karɓo maganin Baba ce, na san Umma tana layin asibiti, takan bar shi yana barci ta ja ƙofa. Ina shigowa ƙofar bene na ga mutum zaune a matakalar ƙarshe, ya jingina da bango. Farar riga ta yi baƙi ta baya, takalmi ƙafa ɗaya, gwiwar hannu ta saluɓe tana jini. Sai da na matso na yarda da idona.

Baba ne. Da mazaunai ya sauko, matakala bayan matakala, hawa huɗu, yana jan ƙafar da ba ta motsi. Ban san awa nawa ya yi ba. A hannunsa akwai gwangwanin madara, ya juye na'a-na'ar da ke ciki don ya sami abin ɗiba. Daga inda yake zaune ana hango tankin shara ta ƙofa, a buɗe, wayam. Motar shara ranar Litinin da safe take zuwa.

Ya ɗago ya dube ni, leɓensa ya bushe.

"An kwashe, Auta. Na makara."

Na zauna kusa da shi a kan matakalar, ledar takarda tana cinyata. Na goge masa jinin da bakin mayafi. Na gwada ɗaga shi, ko motsa shi ban iya ba, shi ma ƙarfinsa ya ƙare gaba ɗaya. Na hau na ƙwanƙwasa ƙofofin hawa na farko, kowa yana wurin aiki. Wayar Umma a kashe, mijin Yaya ya yi tafiya. Na dawo na zauna, Baba ya kwantar da kansa a kafaɗata kamar yaro. Na fito da waya na daɗe ina kallon lambar, sannan na ajiye kunya na kira Dakta. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, ta katse.

Sai na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Sannan saƙon ya shigo, dogo, kuma zan kwafe muku shi yadda yake.

"Auta, ban ɗauka ba don idan na ji muryarki ba zan iya faɗa ba. Ba tanar ce ta dami Hajiya ba, ta ce ita ma 'yar manomi ce. Ƙaryar ta yi min ciwo, amma zan iya wuce ta. Abin da ta ce shi ne, ta ga yadda Baba ba ya shan ruwa sai daga hannunki, ta ga yadda kika durƙusa da kayan kwalliya kina tsince su ba ki ko kalle ta ba. Ta ce yarinyar nan kirkinta ya yi yawa, amma ba za ta taɓa barin gidan nan ba, ko an kai ta gidanka jikinta kawai za a kai. Kwana biyu ina neman abin da zan ƙaryata ta da shi, ban samu ba. Ke kaɗai za ki iya. Ki gaya min gaskiya sau ɗaya, za ki iya barinsa?"

Na karanta har ƙarshe. Na manta cewa ciwon Baba bai taɓa idonsa ba, kuma kansa yana kan kafaɗata, wayar tana gabanmu mu biyu. Na ji numfashinsa ya canza. Na yi sauri zan kife ta, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nawa ya danne, gwangwanin ya faɗi ya gangara har bakin ƙofa.

Ya ce, "Rubuta masa e."

Na ce, "Baba."

"Rubuta. Ina kallo."

Yatsana yana kan wayar, hannunsa yana kan yatsana, ga hawa huɗu a samanmu da ban san wanda zai mayar da shi ba. A saman allon kuma Dakta yana nan a kan layi, yana jira.